Ba A Faɗin Ƙarshen Fim

Litinin, 3 ga wata

Zuwa ga 'yata 'Yar Tikiti,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Ya aiki, ya fama da masu haihuwa? Kawunki Tela ne, aminin babanki, wanda ya ɗinka miki rigar makaranta ta farko kika yi ta kuka wai hannun ya yi tsawo. Na ji yanzu ungozoma ake ce miki, har tsofaffi suna rusuna miki. To ni ban san wata ungozoma ba, yarinyar da take tsayawa a ƙofar silima tana yaga tikiti ita na sani. A wurin gwaggonki na karɓi adireshin nan. Ta ce asibitin naku ko waya babu, sai dai takarda, ita ma takardar kwana biyar take yi a hanya.

Shekara goma sha ɗaya rabonki da mu, don haka bari in tuna miki. 'Yan Asabar muna nan, sai dai daga mu tara mun koma huɗu: ni, da babanki Mai Majigi, da Mai Aski, da Malama wadda ta koya miki lissafi. Har yau duk Asabar da ƙarfe biyu nake ture keken ɗinki gefe a shagona, in toshe taga da bargo, a sa kaset. Wanda juyi ya zo kansa shi yake kawo fim, in an gama a yi ta musu har murya ta dushe. Sunayen finafinan ƙetare bakinmu bai taɓa iya su ba, sai mu raɗa musu namu. Kin tuna Mai Jar Hula? Kin tuna Matar Mai Agogo, wanda babanki yake cewa bayansa babu fim?

Dokokinmu ma suna nan. Ba a magana ana kallo. Ba a faɗin ƙarshen fim ga wanda bai gani ba, ko da zai kwanta yana birgima. Sai kuma ambulan. Ranar da muka fara zama, kowa ya rubuta fim ɗin da ya fi so a duniya, ya liƙe, na zuba su a aljihun teburin da nake ajiye almakashi. Ba a buɗe ambulan ɗin mutum sai ya rasu, sannan a nemo fim ɗin a kalla, kujerarsa tana nan babu kowa. Guda biyar muka buɗe zuwa yanzu.

To ga abin da ya sa na ɗauki biro, ni da ko awon mutane da ƙyar nake rubutawa.

Wata guda ke nan babanki yana rabar da kaset-kaset ɗinsa na fim. Mutumin da in ka ari kaset ɗinsa sai ya biyo ka har gida ya ga inda ka ajiye! Ya ba Mai Aski duk na faɗa, ya ba Malama na kuka da waƙa, ni ya cika mini kwali biyu. Da fari murna muka yi, Mai Aski har yana cewa tsufa ya gyara shi. Sannan ya daina musu. Mai Aski ya dube shi ya ce Mai Jar Hula ya fi Matar Mai Agogo nesa ba kusa ba, don dai ya tsokane shi. Muka gyara zama muna jiran tashin bom. Sai babanki ya ce, "Ƙila da gaskiyarka." Wallahi shekara arba'in ban taɓa jin kalmar nan a bakinsa ba. 

Shekaranjiya da za mu watse ya ce Asabar ɗin ƙarshen wata yana so a buɗe ambulan ɗinsa. Malama ta ce, "Haba Mai Majigi, ana buɗe na mai rai ne?" Ya ce shi ya kafa dokar, shi zai ɗaga ta. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Ban san komai ba, 'yata, gani kawai nake yi. Amma gabana faɗuwa yake, kuma na ga bai kamata in ji tsoro ni kaɗai ba alhali yana da 'ya. Bai san na rubuto ba.

Ki gaida abokan aiki. Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Tela

Lahadi, 9 ga wata

Kawu Tela,

Wa alaikumus salam. Na samu wasiƙarka jiya, na gode. Ina lafiya, aiki da godiya. Ina gaida Malama da Kawu Mai Aski. Hannun rigar nan kuwa ya yi tsawo, har gobe ina kan bakana.

Na karanta sau uku. Na yi dariya a wurin Mai Jar Hula, don ni ma a ɓoye na fi son sa, tsoron Baba ne ya hana ni faɗa. A nan muna da bidiyo ɗaya a ɗakin hutun ma'aikata, kasusuwa bakwai, duk mun haddace su. Abokan aikina sun san halina: kafin a sa fim sai na tambayi wanda ya gani, wa zai mutu? In ba a gaya mini ba, tashi nake. Suna cewa ina ɓata wa kaina daɗi. Ban taɓa gaya musu dalili ba, amma kai ka sani.

Ka san ranar da zan koma makarantar ungozoma zangon ƙarshe, Mama tana kwance. Na tsaya a bakin ƙofa da jakata na tambayi Baba, in tafi ko in zauna? Ya ce zazzaɓi ne, in tafi. Ashe sati biyu kafin nan likita ya gaya masa komai. Na dawo na tarar an binne ta, katifarta a jingine da bango. Da na tambaye shi don me, ka san abin da ya ce? "Ban so in ɓata miki karatu ba." Da irin muryar da yake hana mutum jin ƙarshen fim ya faɗa. Uwata ce, Kawu. Ni kaɗai ta haifa.

Don haka kar ka ga kamar zuciyata dutse ce. Hankalina ya tashi, jiya ko abinci ban iya ci ba. Amma rabon kaset ba ciwo ba ne, kuma Baba ya iya shirya abu don a taru a dube shi. Aikinsa ke nan shekara talatin, ya kashe fitila ya sa mutane su riƙe numfashi.

Mu biyu ne ungozoma a nan, ɗayar kuma cikinta wata takwas. Hutuna sai nan da wata biyu. In na tafi kafin nan, sai da dalilin da zan iya faɗa wa shugabar asibiti in dube ta ido da ido. Saboda haka ina tambayarka kai tsaye: Baba ba shi da lafiya ne? Yana cin abinci? Ya je asibiti? Me aka ce? Amsa nake so, ba labari ba.

Na gode da ka tuna da ni. Allah ya ƙara girma.

'Yarka,
'Yar Tikiti

Lahadi, 16 ga wata

'Yata,

Sallama da gaisuwa, da fatan alheri. Takardarki ta zo shekaranjiya. Kai, wannan rubutu naki kamar allura! Halin babanki sak, ba ki bar komai ba.

Kin ce amsa kike so. Zan ba ki wadda nake da ikon bayarwa.

Ni tela ne, jikin mutum ba ya yi mini ƙarya. Shekara ashirin ƙugun babanki inci talatin da takwas ne. Wata uku da suka wuce ya kawo wanduna in rage, na auna, talatin da biyar. Wancan satin ya sake kawo su. Talatin da ɗaya. Na ce, "Mai Majigi, ina kake kai naman?" Ya ce in yi aikina in bar surutu. Ina ɗinkin, sau biyu na soke yatsa. Idonsa ya yi ruwan ɗorawa. Abinci cokali uku ya ture, ya ce gishiri ya yi yawa, alhali matata ba ta sa gishirin ba ma saboda shi.

Jiya juyin Malama ne, ta kawo wani na kuka, wanda muke kira Wasiyyar Kaka. Kin san babanki da irin waɗannan, tsaki yake ta ja har a gama. Jiya bai ja ko ɗaya ba. Da aka zo inda tsohuwar take raba kayanta, na saci kallonsa, na ga ba talabijin yake duba ba, aljihun teburina yake duba. Da aka gama Mai Aski ya ce fim ɗin ƙarya ne, wa yake sanin ranarsa har ya zauna rabon kaya? Malama ta ce ana sani mana. Suka kaure. Babanki ya ce, "Ana sani. Faɗar ce ke da wuya." Daga nan musu ya mutu, kowa ya nemi takalminsa.

Na raka shi gida don ƙafarsa ba ta da ƙarfi. Rabona da shiga ɗakinsa ya fi shekara. Kantocin kaset duk wayam. Tsohon injin majigin da ya saya lokacin da aka rushe silima yana tsakar ɗaki, ya kwance shi yana sa masa mai. Ga wani wari mai tsami da ya cika ɗakin, har ido yake yi wa yaji. Na bi warin, na ga daga ƙarƙashin gado yake fitowa, daga wani gwangwanin fim irin na dā, mai faɗi, duk ya yi tsatsa. Na kai hannu, ya daka mini tsawa. Ya ce na Asabar ɗin ƙarshen wata ne.

Yanzu ga inda zan ɓata miki rai. E, ya je asibiti. Ranar Juma'a, ranar da takardarki ta zo, ni na kai shi. Na shiga har gaban likita, na ji abin da aka ce da kunnena. Da muka fito ya riƙe mini hannu a bakin ƙofa, ya ce, "Tela, ka ga ƙarshen, 'yata ba ta gani ba. Ka san doka." Na ce wannan ai ba fim ba ne. Ya ƙi sakina sai da na rantse. Na rantse, 'yata. Mutane suna kallonmu, ga shi yana haki, na rasa yadda zan yi.

Don haka bakina a ɗaure yake. Amma ke ma'aikaciyar asibiti ce, na ba ki awo, na ba ki launin ido. Ki haɗa da kanki. In da ni ne ke, ba zan jira hutu ba.

Allah ya sa ki fahimce ni. Matata tana gaishe ki.

Kawunki,
Tela

Juma'a, 21 ga wata

Kawu,

Ina gaisuwa. Ka yi haƙuri, yau gaisuwar tawa gajera ce.

Na haɗa. Na san abin da inci bakwai a 'yan watanni yake nufi, na san abin da idon nan yake nufi. Na zauna a bakin gado riƙe da takardarka har aka zo aka kira ni ɗakin haihuwa, na karɓi yaro ina hawaye, uwar tana tambayata ko wani abu ya samu jaririn.

Amma wata nawa? Shida? Ɗaya? Wannan awo ba ya faɗa. Kai ka ji, kana da shi a bakinka, ka zauna kana ba ni alamu kamar mai tallar fim a ƙofar silima. Tsofaffi huɗu da hankalinku, kun ɗauki dokar da kuka ƙirƙira don nishaɗin Asabar kun ɗora ta a kan ran mutum! Haka aka yi mini da Mama. Ashe kai ma ka sani a lokacin, ko ba haka ba? Kar ka amsa, na riga na gane.

Bari in ba ka wani labari da ba ka sani ba. Ina da shekara tara aka kawo wani fim marar launi, muka sa masa Fim ɗin Gada. Wani direban babbar mota ne, matarsa ba lafiya, ya kwantar da ita a bayan mota zai kai ta asibiti. Ruwa ya cinye hanya, saura wata tsohuwar gadar katako. Ina ɗakin majigi a kan kujerata, ina leƙe ta 'yar tagar nan. Tayar gaba ta hau gada, katako ya fara ƙara. Daidai nan naɗin fim ɗin da ke kan injin ya ƙare, saura na ƙarshe. Sai Baba ya miƙo mini makulli ya ce in ruga in kai wa Mama, yanzu-yanzu. Na ruga, na dawo da gudu har na faɗi na fasa gwiwa. Na tarar an kunna fitila, mutane suna fita, ba mai magana. Washegari aka mayar da fim ɗin. Shekara da shekaru ina roƙonsa, Baba sun tsallake? Sai ya ce, "Sai kin gani da idonki." Ban sake samun fim ɗin ba, ko sunansa na gaskiya ban sani ba. Har yau ina mafarkin gadar nan.

Kullum haka yake yi mini. In abu ya zo ƙarshe sai ya aike ni.

To ka gaya masa na gaji da aike. Abokiyar aikina nauyi ya kama ta, ƙafafunta sun kumbura, in na tafi mata sittin ne a hannun mai ciki wata tara. Zan iya tafiya duk da haka, in na san kwanaki ne suka rage. Amma ba zan bar su a kan zato ba, kuma ba zan zo in zauna kusa da shi yana ce mini zazzaɓi ne ba. Shi da kansa ya faɗa mini. Ciwon, da abin da likita ya ce, da kwana nawa. Ranar da na karanta, ranar zan hau mota. Ka karanta masa wannan takarda duka, kar ka tsallake layi ɗaya.

Ina jin tsoro, Kawu. Ina jin haushinsa kuma ina jin tsoro, ban san wanda ya fi yawa ba.

Ka yafe mini kaushin harshe. Na bar ka lafiya.

'Yar Tikiti

Lahadi, 30 ga wata

'Yata,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ni dai ba zan ce lafiya ba.

Zan fara da laifina. Takardarki ta zo ranar Laraba, ban karanta masa ba sai jiya Asabar. Kwana uku tana aljihuna. Na ce a raina bari a buɗe ambulan tukuna, a kalli fim, zuciyarsa ta yi laushi, sannan in fito da ita a daidai wurin. Kin ji wauta irin ta wanda ya ƙare rayuwarsa a gaban majigi, ina jiran wurin da ya dace kamar ni na shirya fim ɗin. Sai yanzu da nake lissafin kwanaki na ga abin da na yi. Kwana ukun nan ni na cinye miki su, kuma ba ni da inda zan samo su in biya. Batun mamanki ma gaskiyarki ne, na sani a lokacin. Ki yafe mini in kina iyawa.

Jiya ba a shago muka zauna ba, don ba ya iya saukowa daga bene. Muka hau ɗakinsa. Mai Aski ya kafa farin zanen gado a bango, na toshe taga. Babanki yana jingine da filo uku, ya sa an jawo injin kusa da gado. Ya sa an ajiye wata 'yar kujera a gefensa, ƙarama, ta katako. Malama ta tambaya ta wace ce, ya yi kamar bai ji ba. Ni na gane ta.

Malama ta yaga ambulan. Takardar ta yi ja don tsufa. Ta karanta: "Fim ɗin Gada, naɗin ƙarshe." Mai Aski ya ce, "Ikon Allah! Ba Matar Mai Agogo ba? Shekara arba'in kana cin mutuncinmu a kansa!" Babanki ya yi 'yar dariya, ita ce ta ƙarshe da na ji.

Ashe gwangwanin ƙarƙashin gadon nan shi ne. Bai mayar da naɗin ƙarshe ba, ɓoye shi ya yi ya ce ya ɓace, har aka kusa korarsa daga aiki. Ya ce ajiye miki ya yi sai kin girma. Niyyarsa mu kalla jiya ya tabbatar injin yana aiki, sannan ya bar mini shi amana, in nuna miki bayan ba shi. Kin ji tsarin da ya yi. Har a nan ma so yake ki gani ba tare da ya buɗe baki ba.

Mai Aski ya sa sukuddireba ya ɓalle murfin. Warin da ya taso sai da Malama ta fita tana tari. Fim ɗin ya narke ya manne, ya zama dunƙule ɗaya, gefensa ya yi gari ja. Babanki ya ce a ba shi. Ya nemi bakin zaren fim ɗin da farce, ya ja a hankali, ya gutsure. Ya sake ja, ya gutsure. Ya ɗaga guntun a hasken fitilar injin, babu komai a jiki, hoton ya goge. Ya yi ta ja yana gutsurewa har cinyarsa ta cika da gari, ba wanda ya iya cewa ya bari. Fitilar injin tana haska zanen gado fari fat. Ban taɓa ganin tsoro a fuskar mutumin nan ba sai jiya.

Ya ce, "Shi ke nan, ba za ta gani ba."

A nan na fito da takardarki. Na karanta duka, ban tsallake layi ba, har inda kika zage mu. Da na zo wurin aike, ya rufe ido. Na gama. Malama ce ta yi magana, ta ce, "Mai Majigi, saura mutum ɗaya a duniya da ya san ƙarshen fim ɗin nan, kuma ba ya da lokaci. Ka ɗaga doka don ambulan, ka ɗaga ta don 'yarka mana."  Muka watse a haka.

Yau da safe na kai masa ruwan zafi, ya ce in zo da biro. Hannunsa ba ya riƙe komai, don haka rubutun nawa ne, amma maganar tasa ce, ban ƙara ban rage ba. Sau huɗu muna tsayawa ya huta. Tana cikin ambulan ɗin nan. Yau gidan waya a rufe yake, gobe ina bakin ƙofa kafin su buɗe.

Allah ya kawo ki lafiya, ya sa ki tarar da mu.

Kawunki,
Tela

Lahadi, 30 ga wata

'Yata,

Assalamu alaikum. Babanki ne. Ina fata kina lafiya.

Sun tsallake. Gadar ta karye bayan tayar baya ta wuce. Ya isa asibiti, ya sauko yana murna, ya zagaya bayan mota. Ta riga ta rasu tun kafin su hau gadar. Ta yi ta buga masa ƙarfen mota yana ji, bai tsaya ba, don yana ganin in ya tsaya za su makara. Fim ɗin ya ƙare yana zaune a kan taya. Sau ashirin da ɗaya na nuna shi. Na aike ki ne don ban so ki gani ba.

Mamanki ta nemi a kira ki, sau biyu. Na ce sai kin gama jarrabawa. Ba karatunki na duba ba, ƙarya na yi miki. Gani nake in ban faɗa da bakina ba, abin ba zai zo ba. Na cuce ki, na cuce ta. Ki yafe mini.

Ciwon daji ne, a hanta, ya bazu. Ranar sha huɗu ga wata likita ya ce sati uku, in an yi sa'a huɗu. An ci biyu da kwana biyu. Takarda kwana biyar take yi, mota kwana biyu. Malama ta ce kin fi kowa lissafi a ajinku.

Kujerarki tana gefen gado, na hana a ɗauke. Zan yi iya ƙoƙarina in jira. In kin zo kin tarar da katifa a jingine, wannan karon an gaya miki.

Ki taho.

Babanki